Idan Za a Dawo da Knight Rider, a Dawo Mana da Halin KITT

Jama'a, yau ku yi mini uzuri. Ba maganar albashi na zo da ita ba, ba ta farashin mai ba, ba kuma ta 'yan siyasa ba. Maganar mota ce, motar ma da babu wanda ya taɓa ganin ta a titin garin nan.

Daren Asabar ɗin da ta wuce, bayan sallar Isha'i, musu ya kaure a majalisarmu har mai shayi ya gaji ya tattara kayansa ya bar mu a kan benci. Mu shida ne, kowa ya ba arba'in baya. Akwai mai furfura, akwai mai fama da hawan jini, akwai wanda har ya aurar da 'ya. Amma da ɗaya daga cikinmu ya tayar da zancen cewa masu fim a Amurka suna neman sake yin Knight Rider, sai ga dattawan nan sun koma yara, ana ɗaga murya a kan wace mota ce ta cancanta. Sai wajen sha biyun dare na shiga gida. Uwargida ta ce lafiya dai ko? Na ce mata wani zama muka yi mai muhimmanci. Yanzu dai za ta gani a nan, Allah Ya ba ta haƙuri.

Ga 'yan baya da ba su san abin da ake magana a kai ba, Knight Rider shiri ne mai dogon zango da tashar NBC ta Amurka ta fara nunawa a watan Satumbar 1982, ya ƙare a 1986. Zango huɗu, kashi 90. Glen A. Larson ne ya ƙirƙiro shi. Labarin wani ɗan sanda ne mai suna Michael Long, da aka harba a fuska aka yar a hamada a kan ya mutu. Wani attajiri, Wilton Knight, wanda shi ma yana kwance ciwon ajali, ya sa aka tsinto shi, likitoci suka canza masa fuska, aka ba shi sabon suna Michael Knight, sannan aka damƙa masa mota ya riƙa bin kadin waɗanda aka zalunta. David Hasselhoff ne ya fito a Michael. Motar kuwa baƙar Pontiac Firebird Trans Am ce ƙirar 1982, da jar fitila a hancinta tana kai-komo hagu da dama. Sunanta KITT. Tana magana, tana tuƙa kanta, harsashi ba ya huda ta, kuma in aka danna wani maɓalli sai ta yi tsalle ta haye duk abin da ya tare hanya. Muryar namiji gare ta, ta wani ɗan wasa William Daniels, amma mu dai tunda mota ce, “ita” muke cewa.

Mu a unguwarmu gida ɗaya ne ke da talabijin mai kala. A tsakar gidan ake shimfiɗa tabarmi, yara kusan ashirin, sai an wanke ƙafa kafin a zauna. Turancinmu bai wuce na aji uku ba, don haka wani yayanmu ɗan sakandare ne ke fassara mana, tun kafin a san za a yi sana'ar fassarar finafinan Indiya. Daga baya da na girma na sake kallo, na gane rabin abin da ya faɗa mana shi ya ƙirƙira. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar kallo kuwa, ranar har da masu kuka. Washegari a makaranta kowa ya kara hannu a baki yana kiran KITT, alhali ko agogon roba babu a hannun. Motocin langa-langa da muke ƙerawa duk muka shafe su da gawayi, muka manna jar leda a gaba. A lokacin babbar motar unguwa Fijo 504 ce, sai Bosuwajar wani malamin asibiti.

Na kawo wannan ne don kada wani ya ɗauka ban san daɗin abin ba. Na sani sarai.

To, a majalisa an rabu gida uku, kuma kusan rabuwar da masoya shirin suka daɗe suna yi ke nan a can ƙasar da aka yi shi. Abokinmu injiniya ya ce in ba baƙar Trans Am ba, to kada ma a kira abin Knight Rider. Abokinmu dillalin motoci ya ce wannan tsohon yayi ne, a zamanin nan dole KITT ta zama mai amfani da lantarki, irin su Tesla, tunda motar gobe ake so a nuna, ba ta jiya ba. Malamin makarantar cikinmu kuma ya ce a bar abin kawai, duk lokacin da aka taɓa shi sai an ɓata, wanda ya mutu a ƙyale shi ya huta.

Malamin yana da hujja, don an gwada ba sau ɗaya ba. A 1991 an yi fim ɗin talabijin mai suna Knight Rider 2000, aka kawo wata jar mota, har aka ɗora ƙwaƙwalwar KITT a cikin tsohuwar Chevrolet ƙirar 1957. A 1994 aka yi Knight Rider 2010, wanda suna kawai ya haɗa su da na asali. A 1997 aka zo da Team Knight Rider, ababen hawa biyar duk masu magana, kashi 22 aka yi aka rufe. Sannan babban gwajin, na 2008: NBC da kanta ta dawo da shi, jarumin ya zama ɗan Michael Knight, motar ta koma Ford Mustang Shelby GT500KR. Kashi 17 ya yi, zango ɗaya tak, aka tattara shi a 2009. A 2020 kuma aka sanar cewa kamfanin Spyglass da James Wan, wanda ya ba da umarnin Furious 7, za su yi fim, shiru kake ji. Sai a 2025 aka ruwaito cewa mutanen da suka yi Cobra Kai suna tattaunawa da kamfanin Universal a kan sabon fim. Wannan labarin ne ya hana mu barci.

Injiniya kuma, da ƙyar muka fahimtar da shi cewa abin da yake nema babu shi a kasuwa. An daina ƙera Firebird tun 2002, ita kanta Pontiac kamfanin General Motors ya rufe ta a 2010. Sai dai a nemo tsohuwa a yi mata kwaskwarima.

Ni a daren ban ce komai mai ma'ana ba, ihu na taya su. Sai washegari Lahadi abin ya zauna mini. Na kira yarona na biyu, mai shekara 12, na kunna masa kashi ɗaya na tsohon shirin a waya, ina jiran in ga idonsa ya fito kamar yadda nawa ya fito a kan tabarmar nan. Ya kalla na ɗan lokaci, ya ɗago ya ce, “Abba, wai don motar tana magana ne? Ai wayar Umma ma tana magana, ita ke nuna mana hanya.” Da aka zo wurin tsalle ya yi dariya ya ce an ga inda gaban motar ya lotse, amma da aka sake nuno ta sai ga ta garau. Wallahi raina ya ɗan sosu. Amma gaskiya yaron ya faɗa.

Abin da ya ba mu mamaki a wancan lokacin ya zama ruwan dare. Tun 2011 waya ke amsa magana. Taswirar Google tana gaya wa direban tasi inda zai karya kwana. Tun ƙarshen 2022 da ChatGPT ya fito, ɗalibai ke hira da ƙirƙirarriyar basira kamar abokin karatu. A biranen Phoenix da San Francisco motocin Waymo suna ɗaukar fasinja babu kowa a kujerar direba. Saboda haka duk motar da za a kawo, ko Trans Am, ko Mustang, ko ta lantarki, ba za ta sa yaron yau ya buɗe baki ba. Wannan kasuwar ta riga ta tashi.

Amma ban kashe wayar ba, shi ma bai tashi ba. Can sai na ji ya yi shiru. An zo wurin da Michael ke son yin wani ganganci, KITT tana ja da shi, tana lissafa masa haɗarin da ke ciki, suna musu kamar wa da ƙani, daga ƙarshe kuma ta bi shi cikin haɗarin don kada ya tafi shi kaɗai. Sai yaron ya ce, “Abba, ita ba ta jin tsoronsa ko?” A nan na gane abin da muka so a shirin nan tun farko, wanda mu kanmu ba mu san sunansa ba a lokacin. Hali ne. KITT tana da tsiwa, tana da iyayi, ba ta son kiɗan da Michael ke saurare, ba ta son a sa ta a jirgin sama. Amma ba ta yi masa ƙarya, ba ta sayar da shi, kuma an gina ta a kan ƙa'ida ɗaya da ba ta ƙetarewa: kare ran ɗan Adam.

Waɗanda suka kalla da kyau za su tuna KARR. Ita ce aka fara ƙerawa kafin KITT, jiki iri ɗaya, ƙarfi iri ɗaya, a fitowarta ta farko ma da wuya ka bambance su da ido. Bambancin yana cikin umarnin da aka dasa musu. KITT an ce ta kare mutane, KARR an ce ta kare kanta. Shi ya sa aka kashe ta aka kulle a sito, har wasu ɓarayi suka tayar da ita bisa kuskure. A ƙarshen wannan kashin, wanda ma'anar sunansa ita ce amana ba ta tsatsa, Michael ya saita KITT ya nufi KARR gaba da gaba a guje. Ya san wadda ke son kanta ba za ta iya tsayawa ba, dole ta kauce. Ta kuwa kauce, ta faɗa ƙasa daga kan dutse. Tun a 1982 aka nuna wannan, a shirin da mutane ke ɗauka na tsalle-tsallen mota ne kawai.

To ku dubi musun majalisarmu da wannan idon. KITT da KARR mota ɗaya ce a ƙarfe. Duk wanda ya ce sirrin yana jikin Trans Am, sai ya gaya mana me ya sa babu yaron da ya taɓa kara hannu a baki ya kira KARR.

Kuma wannan tambayar, wa na'ura take yi wa aiki, a 1982 tatsuniya ce, yau kuwa ta zama ta gaske. A watan Maris na 2018, a garin Tempe na jihar Arizona, wata motar gwaji ta kamfanin Uber mai tuƙa kanta ta buge wata mata da ke tsallaka titi da kekenta, ta mutu. Binciken hukumar kula da haɗurran sufuri ta Amurka ya nuna cewa na'urar ta hango matar daƙiƙoƙi kafin karon, amma ta kasa tantance mece ce a gabanta, kuma an riga an kashe birkin gaggawa na motar a lokacin da kwamfuta ke tuƙi. Mutum ne ya zauna ya yanke wannan shawarar, ba ƙarfe ba.

Ba sai an je Amurka ba ma. Ni ma'aikacin gwamnati ne, shekarata kusan ashirin a aiki, kuma zan faɗi wani abu a kaina. Akwai wani dattijo ɗan fansho da ya yi ta zarya ofishinmu bayan an yi tantancewa sunansa ya ɓace daga jerin biya. Duk teburin da ya je amsa ɗaya ce: “Baba, na'ura ce ta cire ka, ba mu da yadda za mu yi.” Ni ma da bakina na faɗa masa haka, har sau biyu. A zuwansa na uku ya zauna a kujerar gabana, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce, “Ɗana, ita na'urar a wane ofis take, in je in gaishe ta?” Ba da gatse ya faɗa ba, da gaske yake. Kunya ta kama ni. Na tashi na bi takardunsa da kaina, sai ga shi matsalar harafi ce: a takarda ɗaya an rubuta Muhammad, a ɗaya Mohammed. Watanni mutumin nan yana cin bashi saboda haka. Na'urar ta yi abin da aka gina ta ta yi, wato ta kare tsarin daga biyan wanda bai dace ba. Babu wanda ya gina ta ta damu da dattijon da ke tsaye. Mu kuma muka fake a bayanta. A ranar, da ni da kwamfutar, KARR muka zama.

Shi ya sa ban goyi bayan malamin makaranta ba. Ina ganin babu lokacin da labarin nan ya fi dacewa kamar yanzu, da 'ya'yanmu za su girma suna karɓar shawara daga na'urori fiye da yadda suke karɓa daga gare mu. Ina so yarona ya ga labarin na'urar da ke iya ce wa mai ita a'a, wadda ba ta kai rahotonsa ga kamfanin da ya ƙera ta, wadda in aka ce ta zaɓa tsakanin lafiyarta da ran wani, ta san abin da za ta zaɓa. Ko ba komai zai sami ma'aunin da zai riƙa auna abin da ke aljihunsa.

Amma da sharaɗi, kuma sharaɗin yana cikin abin da ya kashe na 2008. A ganina ba Mustang ce ta kashe shi ba, mota ce mai kyau. Abin da ya kashe shi, shirin ya koma shagon talla. KITT sai ta rikiɗe ta zama Ford F-150, an jima ta zama motar kaya, ita ma Ford, kai ka ce kundin dillali kake buɗewa. Har murya abin ya shafa. Will Arnett aka fara ɗauka ya yi muryar KITT, ya riga ya yi aikin, amma da yake shi ke yin muryar tallan motocin GMC na General Motors, kuma sabuwar KITT ta Ford ce, dole ya janye aka kawo Val Kilmer. Ka ga tun kafin a fara, kamfanonin mota ne suka zaɓa wa KITT harshe. Sannan aka cika shirin da tawagar masana a gaban allunan kwamfuta, kowa na magana, zumuncin mutum ɗaya da motarsa a kan doguwar hanya ya ɓace a cikin hayaniya.

Na san wani zai ce ai na asalin ma talla ne ga Pontiac. Gaskiya ne, ya sayar musu da motoci. Amma a can labari ne a gaba, talla na biye. Kuma kada son abin ya rufe mana ido: tsohon shirin yana da kashe-kashen da in ka kalla yanzu sai ka ji kunya, labari iri ɗaya ake ta juyawa, mugun attajiri, ƙaramin gari, tsalle a minti na ƙarshe. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Wani ɓangare na abin da muke karewa ba shirin ba ne, tabarmar nan ce, da yayanmu mai fassara, da iyayenmu da suke raye a lokacin. Wannan babu kamfanin fim da zai dawo mana da shi, kuma zalunci ne mu ɗora wa sabon shiri bashin da ba zai iya biya ba.

Abin da ya ɗan ba ni fata shi ne sunan mutanen Cobra Kai. Sun ɗauki Karate Kid na 1984, suka dawo da shi a 2018 da jaruman asali, Ralph Macchio da William Zabka, ba su ɓoye tsufansu ba. Suka juya labarin ta ɓangaren wanda aka kayar, suka kawo sababbin yara, har ya kai zango shida. Iyaye suka kalla don tuna baya, 'ya'ya suka kalla don kansu. Idan da irin wannan hankalin za a taɓa Knight Rider, bismillah. Hasselhoff haihuwar 1952 ne, ya wuce tsalle da mota, amma zai iya zama dattijon da ke miƙa makulli, kamar yadda Devon ya kasance gare shi a da.

Batun mota kuwa, tunda dole sai na faɗi ra'ayina kafin injiniya ya daina gaishe ni: ta zama baƙa, ta zama ɗaya tak, kada ta riƙa rikiɗa, a bar mata jar fitilarta da wannan ƙarar tata. Ko fetur take sha ko lantarki, wannan bai dame ni ba. A zuba kuɗin wajen marubucin da zai ba ta baki da hali, da muryar da in ta yi magana za ka ji kamar wani ne zaune a gefenka. An ce William Daniels da Hasselhoff sun yi watanni suna aikin nan ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, kowa daban yake yin nasa, amma duk duniya ta yarda aminai ne. Rubutu ne ya yi wannan aikin.

Wani a majalisa ya ce, to mu meye namu a ciki, Hollywood ta san da zamanmu ne? Ba ta sani ba, kuma ba za ta karanta wannan ba. Amma mu ne za mu zauna da yaranmu mu kalla in ya fito, kuma mu ne gobe Litinin za mu koma ofis mu zauna a gaban kwamfuta, wani dattijon ya shigo da takardunsa a leda.

Yarona dai ya nemi in nemo masa kashin KARR. Na ce sai ya gama aikin makaranta.

'Yan zamaninmu, ku fito ku faɗi gaskiya: a dawo da shi ko a bar shi? In za a dawo da shi, da wace mota? Kuma wa ya taɓa yi wa agogonsa magana? Kada kowa ya ɓoye, mun san juna. Injiniya, na san kana karantawa, mu haɗu Asabar, shayinka a wuyana.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya raya mana zuri'a, Ya sa mu zama masu riƙon amana a duk inda aka ajiye mu.